Ɗakin Karatun Lafiya na Unguwa: Mu Rage Kwana Ukun Nan

Jawabin da sakataren kwamitin jin ƙai ya gabatar a zaman rana ta biyu na bikin tunawa da kafuwar ƙungiya, a Maradi. An rubuta shi yadda aka faɗe shi, sai ɗan gyara kaɗan.



Godiya ta tabbata ga Allah da Ya tara mu lafiya. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Mai girma mai unguwa, Malam liman da sauran malamanmu, shugaban CSI na unguwarmu da ma'aikatansa, iyayenmu mata da ke zaune can ƙarƙashin rumfa, ƴan'uwa samari da ƴan mata, ina yi muku barka da zuwa.

Kwamiti ya ɗora mini in bayyana shirin da muke da shi na buɗe ɗakin karatun lafiya a unguwa. Kafin in shiga lissafin kanta da littattafai, ku ba ni izini in faɗi abin da ya kai mu ga wannan tunani, don wasu sun riga sun tambaye ni a waje: mutane na fama da tsadar hatsi, ku kuma littafi za ku kawo musu?

A daminar bara, yaron wani maƙwabcina, ɗan shekara 2, ya kwana da zafin jiki. Ran farko aka tsai da mai tiren magani a ƙofar gida, aka sayi ƙwayoyi na dala ashirin, aka ba shi. Rana ta biyu jikin ya ɗan yi sanyi da safe, da marece sai amai. Kakarsa ta ce haƙora ne. Rana ta uku yaro ya fara jijjiga, idanu suka kafe, aka ce iska ce, aka nemo turare. Sai da dare ya raba uban ya buga mini ƙofa. Ni na riƙe yaron a bayan kabu-kabu. Ma'aikacin da muka tarar ya ja fatar idonsa ya duba, ya ce jini ya ƙare, a wuce babban asibiti. Mun wuce. Kafin kiran asuba yaro ya koma ga Mai shi.

Ran sadakar uku uwar ta faɗi wata magana da har yau ba ta bar ni ba. Ta ce: "Ni wallahi ban san masassara na kawo jijjiga ba. Da na sani, mi zai zaunar da ni?" Daga gidan nan zuwa CSI, a ƙafa, ba a yin minti 15.

Ajali gaskiya ne, babu mai ƙara wa rai daƙiƙa ɗaya. Amma malamanmu ga su nan zaune, su suka karantar da mu cewa neman magani ba ya warware tawakkali. Su suka ba mu labarin Sayyadina Umar, da ya nufi Sham, aka gaya masa annoba ta sauka can, ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'arsa. Ba wanda ya ce imaninsa ya yi rauni. Labari ya same shi, ya yi aiki da shi.

To, abin da wannan baiwar Allah ta rasa ke nan, labari. Gidan likita na kusa. Tun 2006 hukuma ta ce duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, haka awon ciki da tiyatar haihuwa, ko da yake duk mun sani wani lokaci magani kan yanke a rubuta maka takarda ka je farmasi. Gwajin cizon sauro, ɗigon jini ne daga yatsa, cikin minti 15 zuwa 20 an ga sakamako. Duk wannan yana nan. Abin da ya shiga tsakani kwana uku ne. Saboda haka idan aka tambaye ku amfanin ɗakin da za mu buɗe, ku ce: so muke mu rage kwana ukun nan su koma yini ɗaya.

Wani zai ce ilmi kaɗai ba ya korar cuta. Dattawan da ke nan su ba shi amsa da kurkunu. A ƙauyukanmu, damina na faɗuwa sai ka ga magidanci kwance, gona na jiran noma, shi yana naɗe tsutsa a tsinke. Kurkunu ba shi da allura, ba shi da ƙwaya. Da me aka ci shi? Da tace ruwa da ƙyalle, da hana mai ciwon shiga tafki, da rijiyoyi, da mutanen da suka bi gari-gari suna bayani. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta rabu da shi. Yaran da ke zaune gabana ba su ma san kamanninsa ba.

Yanzu ga shirin.

Abu na farko da muka yi shi ne tambaya. Mun so mu fara da roƙon littattafai, sai wani dattijo cikinmu ya ce mu bari, kada mu ɗinka riga ba mu auna mai ita ba. Ƴan'uwa mata suka shiga gidaje da makarantun Islamiyya na matan aure, mu kuma muka bi fada-fada, wurin masu shayi da tashar kabu-kabu. Tambayar ɗaya ce: wane abu game da lafiya kake son sani, ba ka samu wanda za ka tambaya ba?

Amsoshin sun ba mu kunya, don ba abin da muka zata ba ne. Wata ta ce an rubuta mata magani sau 3 a yini, shin da azumi yaya za ta yi? Wani ya ce an auna shi an ce tansiyo 16, bai san ko mai kyau ba ne ko mugu, ya ji nauyin tambaya. Wata ta ce maganin rigakafin masassara da ake rabawa da damina, ta ba yaro na ranar farko, sauran ta ajiye sai ya yi ciwo. Wani saurayi ya ja ni gefe ya ce abokinsa ba ya iya fita aiki sai ya haɗiyi tramol, ina ake zuwa? Mun gane abokin nan shi ne da kansa, ba mu nuna ba. Wata budurwa ta tambayi ma'anar AS da aka rubuta mata a takardar gwajin aure. Waɗannan tambayoyi su ne za su zama kantocinmu.

Abu na biyu, su wa muke yi wa? A ƙasarmu manyan da ke iya karatun boko ba su kai rabi ba, mata kuwa sun fi ƙaranci. Idan muka jera littattafan Faransanci muka zauna, ƴan lakwal kaɗai za su shigo, wadda muka buɗe ɗakin dominta ko leƙe ba za ta yi ba. Don haka kowane bayani zai fito ta hanya huɗu: Hausar boko, Hausar ajami, hoto, da murya. Ajamin nan kada a raina shi. Akwai dattawa da almajirai da yawa da ba su san a, ba, ca ba, amma ka ba su ajami su karanta maka tas. Ba sabon abu muka ƙago ba. Nana Asma'u ta tura jajoji ƙauyuka suna karantar da mata a cikin harshensu, ɗan'uwanta Muhammadu Bello kuma ya bar rubuce-rubuce kan cututtuka da magunguna. Murya kuwa za mu ɗauka a katin waya, kowane darasi kada ya wuce minti 3, mace ta saka a ƴar rediyonta tana daka tana saurare.

Abu na uku, wuri. An ba da shawarar shagon jikin masallaci. Mun gode, amma mun duba mun ga mace ba za ta ratsa sahun maza ta zo tambayar jinin da take gani da ciki ba. Kuma unguwa tana da baƙi da maƙwabta waɗanda ba Musulmi ba, ciwo kuwa ba ya tambayar addini. Abin da muke nema ɗaki ɗaya ne a makarantar Islamiyya, mai ƙofa ta kan hanya, da ƴar rumfa da tabarma. Safe zuwa azahar na mata ne, mata ne kuma za su tsare. Bayan la'asar na maza. Samari kuwa mun san ba za su zo ba, mu za mu bi su fada da akwati bayan isha'i, mako-mako. Littattafai a akwatin ƙarfe za su kwana, a ɗora bisa bulo, saboda gara da ruwan Agusta.

Abu na huɗu, me za a ajiye? Kaɗan mai kyau ya fi tarin da ba a buɗewa. Don masu tsaron ɗaki muna neman littafin nan na David Werner da aka fassara da Faransanci, Là où il n'y a pas de docteur, da Savoir pour sauver na UNICEF da takwarorinta, da allunan hotuna da takardun bango da ma'aikatar lafiya ke bugawa, waɗanda sau da yawa suna nan jibge a ofisoshi ba wanda ya je ya roƙa. Sauran mu za mu rubuta, takarda ɗaya tambaya ɗaya.

Kuma za mu jera su ne bisa lokutan shekara, yadda manomi ke jera aikinsa. Damina na gabatowa, abin da zai fito gaba shi ne masassarar cizon sauro: kwana cikin sange, gwaji kafin magani, shanye maganin kwana 3 ko da yaro ya tashi yana wasa. Da bayanin rigakafin damina na yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, cewa kowane zagaye na kwana 3 ne, ma'aikaci ya ba da na farko, uwa ta ba da na rana ta biyu da ta uku, ba a ajiyewa. Tare da shi amai da zawo, don ba mu manta kwalarar da ta ɓulla a Madarunfa a 2018 ba, da wadda ta dawo a 2021. Ƙunshin gishirin zawo guda a lita 1 ta ruwa mai tsabta ake zuba shi, ba a kofin shayi ba, a haɗa da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14. Wannan ba a takarda kaɗai za mu koya ba, za mu ajiye kwalbar lita ɗaya kowa ya gwada da hannunsa.

Lokacin da rumbu ya yi ƙasa kafin kaka, sai tamowa. Mu mutanen Maradi 2005 ta koya mana abin da ba ma so mu sake gani. Akwai ɗan zaren awo mai launi uku da ake naɗawa a damtsen yaro daga wata 6 zuwa shekara 5. Ja, ƙasa da milimita 115, a tafi yau. Rawaya, a je a duba. Kore, alhamdu lillahi. Uwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba tana iya koyonsa a zama ɗaya.

Hunturu da bazara kuwa, tari da ƙyanda da sanƙarau. A 2015 sanƙarau ya kama fiye da mutum dubu 8 a ƙasar nan, kuma a shekarar ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa akwai allurar rigakafinsa ta jabu tana yawo. Wanda ya firgita bai san inda zai nufa ba, shi ne kasuwar mai jabu. Mashaƙo ma da aka ɗauka ya tafi, ya dawo ta Matamai a 2023. Sai kanta guda da ba ta bin lokaci: ciki da haihuwa, hawan jini, ciwon suga, amosanin jini, shaye-shaye, da lafiyar mai azumi.

A bakin ƙofa za mu kafa allo ɗaya babba, da hoto da ajami da boko. Alamomin da ba a kwana da su: yaro ya ƙi nono ko ya kasa sha, yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, yana jijjiga, ya yi laushi ba ya farkawa sosai, numfashi na sauri haƙarƙari na shiga ciki, wuya ya sanƙare, ko jini a bayan gida. Ga mai ciki: zubar jini, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska, jijjiga, ko ɗa ya daina motsi. In da za a ce mu zaɓi abu ɗaya tak daga duk shirin nan, wannan allo za mu zaɓa.

Abu na biyar, wa zai tantance? Nan ne haɗarin yake. Bayanin da ba daidai ba in ya fito daga ɗakin ƙungiyar Musulunci, mutane za su karɓe shi hannu biyu, ya fi na mai tire ɓarna. Saboda haka babu takardar da za ta hau kanta sai ma'aikacin lafiya ya karanta ya sa hannu, an rubuta kwanan wata a ƙasanta. Wadda ta taɓa hukuncin addini, kamar allura da azumi ko tazarar haihuwa, malam da likita za su zauna tare, kowa ya tsaya a fagensa. Kowace shekara bayan ƙaramar salla a fitar da takardun duka a sake dubawa. Ilmin likita yana canzawa. Da yawanmu da Nivaquine aka raine mu, yau kuwa an daina ba da ita don masassara, saboda ƙwayar cutar ta saba da ita. Tsohon littafi da wani zai kawo mana sadaka yana iya ɗauke da tsohuwar magana. Za mu karɓa da godiya, amma sai an duba.

Haka saƙonnin WhatsApp. Kullum sai an turo murya, wani da ba a san shi ba yana rantsuwa ya gano maganin suga da ƙoda da rashin haihuwa a kwalba ɗaya. Duk wanda irin wannan ya ruɗa, ya kawo mana. Mu kai wa masu sani, amsa ta dawo ranar Juma'a.

Abu na shida, dokoki uku ga mai tsaron ɗaki, kuma ina so iyayenmu su zama shaida.

Ta farko: ba ma ba da magani, ba ma faɗin sunan ciwon mutum. Ko farasitamol ba za a ajiye ba. Wanda ya zo da yaro jiki zafi, ba zama za a ba shi ba, rakiya za a yi masa zuwa CSI. Ɗan'uwa, don ka karanta babi biyu ba ka zama likita ba. Wanda ya fara duba mutane a ɗakin nan, ranar zai ajiye makulli.

Ta biyu: amana. Za a rubuta tambaya a littafin rajista don mu san abin da ke damun unguwa, ba za a rubuta suna ba. Abin da aka faɗa a ɗaki ya mutu a ɗaki. Ranar da maganar wata ta fita ta kai gidan biki, ranar ɗakin ya rufe, ko da ƙofarsa na buɗe.

Ta uku: ba talla. Ba mai sayar da magani, na Bature ko na gargajiya, da zai liƙa takardarsa ko ya bar samfuri, ko da shi ya saya mana kujeru. Ba faɗa muke da kowa ba, iyayenmu masu sassaƙe muna girmama su. Amma wanda ya shigo ya tabbata ba aljihunsa muke kallo ba.

Sai kuɗi. Ba za mu jira wata ƙungiyar waje ba, don mun sha ganin aikin da ke mutuwa ranar da motar masu shi ta juya. In mutum 50 cikinmu suka riƙa ba da dala ashirin kowace Juma'a, jika 5 ke nan a mako, jika 20 a wata. Ya isa buga takardu, katin waya da sabulun wanke hannu. Akwati, kanta, tabarmi da ƴar sola don cajin waya, waɗannan sau ɗaya ake saye, muna miƙa su ga ƴan kasuwarmu. Lissafi kuma za a liƙa shi a bango kowane wata, kowa ya gani.

Ta yaya za mu san aikin ya yi? Ba da yawan littattafai ba. Bayan damina ɗaya za mu koma wurin shugaban CSI mu tambaye shi: yaran unguwarmu, a rana ta nawa ake kawo maka su yanzu? In ya ce an fara zuwa tun ranar farko, mun gode Allah. In ya ce jiya i yau, to mu zauna mu binciki kanmu, mu canza hanya, ba kunya a ciki.

Roƙona huɗu ne. Mai unguwa da hukumar makaranta, ɗaki. Ma'aikatan lafiya, awa 2 a wata don duba takardu, mun san aiki ya yi muku yawa. Malamai, masu kyakkyawan hannu a ajami cikin almajiranku, da kalma ɗaya a huɗuba. Ƴan'uwa mata, ku ne ginshiƙin abin, muna neman 6 da za su fara karɓar horo, kuma muna roƙon mazajensu da iyayensu su ba su izini. Takardar rubuta suna tana wurin ma'aji, bakin ƙofa.

Matar da na ba ku labarinta, da ƴan'uwa suka shiga gidanta da tambayoyinmu, ita ta fara cewa a rubuta sunanta. Ta ce ba ta iya karatu ba, amma a koya mata allon nan na bakin ƙofa, ita za ta riƙa bi gida-gida tana faɗa. Mun rubuta ta.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya raya mana zuriya. Allah Ya sa wannan aiki ya zama sadaka mai gudana ga waɗanda suka kafa ƙungiyar nan da waɗanda za su gaje ta. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, ku yafe mini.